Ga Mai Shirin Zama a Kumasi: Zango Masauki Ne, Amma Gari Na Da Dokarsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida domin 'yan'uwa da ke shirin baro Kano, Sakkwato, Tawa, Maraɗi ko Yamai su zo Kumasi da niyyar zama, da kuma waɗanda suka riga suka iso amma har yanzu ƙafarsu ba ta tsaya ba. Abin da ke ruɗin baƙo a nan shi ne sauƙin saukar. Yana fitowa daga mota zai ji Hausa a Alabar, ya ji kiran salla a Aboabo da Asawase da Sabon Zango, da safe ya karya da koko da ƙosai, sai ya ɗauka gida ya zo. Hausar gaskiya ce, tarbar ma gaskiya ce, domin tun zamanin fataken goro ake saukar baƙi a waɗannan unguwanni. Amma Zango cikin ƙasar Asante yake, ƙasar Asante kuma cikin Gana take, kowacce da dokarta da kalandarta. Yawancin wahalar da baƙi ke sha a watannin farko daga rashin sanin wannan take fitowa.

Takarda ce farko. Yarjejeniyar ECOWAS ta ba ɗan ƙasashenta damar shiga ba biza ya zauna har kwana 90. Izinin ziyara ke nan, ba na zama ba. A bakin iyaka, Aflao ko Paga, mutum ya tsaya a buga masa hatimi ya duba kwana nawa aka rubuta, ya kuma riƙo katin rigakafin cutar shawara. Wanda ya bi ta daji don gudun layi ba shi da shaidar ranar da ya shigo, kuma wannan shaidar ita ake fara tambaya idan ya je neman izinin zama a ofishin shige da fice. Akwai kuma katin shaidar baƙi na NIA, hukumar ba da katin shaida ta Gana, wanda a 2024 kuɗinsa dala 120 ne a karon farko, dala 60 sabuntawa kowace shekara. Ba a rajistar layin waya na dindindin ko buɗe asusun banki cikin sauƙi sai da shi. Muna gargaɗi da babbar murya: kada kowa ya yarda wani ya kai shi ya yi katin 'yan ƙasa da ƙaryar cewa a Zango aka haife shi. Laifi ne, kuma zargin da yake jawowa kan haifaffun Zango na gaskiya yake faɗawa, su da iyayensu ba su san wata ƙasa ba sai wannan. Tsofaffi ba su manta korar baƙi ta 1969 a zamanin Firaminista Busia ba. 'Yan Nijar kuwa su tuna ƙasarsu ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, saboda haka su tabbatar da matsayin takardunsu a ofis, kada su dogara da zancen tasha.

Kuɗi ma na da tarkonsa. A 2007 Gana ta cire sifili huɗu daga kuɗinta, tsohon sidi 10,000 ya koma sidi ɗaya. Har yau manya da yawa da tsohon lissafi suke magana. Idan tsohuwa a kasuwa ta ce miliyan ɗaya, sidi 100 take nufi. A tambaya a tabbatar kafin a miƙa kuɗi. Mafi yawan hada-hadar yau da kullum ta waya ake yin ta, abin da ake kira MoMo, kuma damfararsa iri ɗaya ce kullum: a turo maka saƙon ƙarya cewa kuɗi sun shigo, a kira ka ana marairaicewa wai kuskure aka yi, ka mayar. Kada ka duba saƙon, ka danna *170# idan layin MTN ne ka duba abin da ke cikin asusunka da kanka. Lambar sirri kuwa ba a faɗa wa kowa, ko da ya ce daga kamfani yake kira.

Ɗaki shi ne ke cinye jarin baƙo. Dokar haya ta 1963 ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da kuɗin wata shida a gaba, amma abin da ake yi a gari shi ne a nemi na shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, dillali kuma ya ɗauki kasonsa, galibi kashi goma cikin ɗari, ban da kuɗin zagayen duba ɗaki. Wanda ya zo da jarin sana'a ya zuba shi duka a haya ya zauna hannu rabbana. Shawararmu ita ce a fara sauka wajen ɗan'uwa ko maigida wata ɗaya ko biyu, a san unguwa tukuna. Kada a biya dillali kuɗin haya. A biya mai gida hannu da hannu gaban shaidu biyu, a karɓi rasit, a rubuta yarjejeniya da ranar shiga da ranar ƙarewa da wanda gyaran rufi ya rataya a wuyansa. Gidaje da yawa a Zango na gado ne, magada da yawa, kuma ya sha faruwa ɗaya ya karɓi kuɗi sauran su ce ba su san zancen ba. A tambayi maƙwabta wa ke da iko da gidan. Idan rigima ta taso akwai ofishin gwamnati mai kula da haya, ana kai ƙara can, amma wanda ba shi da takarda a hannu maganarsa ba ta da nauyi.

Kafin a biya, a duba bango daga ƙasa zuwa gwiwa. Idan akwai layin danshi ko fenti ya kumbura, ruwa na shiga. Gidajen da ke kusa da rafin Aboabo da sauran kwari suna da araha ne saboda dalili. A tambaya ko akwai bayan gida a cikin gidan, domin gidajen haya da yawa ba su da shi, na kuɗi ake zuwa, kuma mai iyali ya lissafa abin da wannan zai ci masa a wata. A tambayi yadda ake raba kuɗin wuta. Inda mita ɗaya ce ga gida duka, ana ƙirga kayan kowa ne, ƙwan fitila da fanka da talabijin da firji da dutsen guga, kowanne da makinsa, a raba kuɗin bisa haka. Wanda ya shigo da rishon lantarki ko hita a ɓoye, kati zai ƙare kafin lokaci, kuma za a gane. Sharar tsakar gida da wanke banɗaki da kwata bi da bi ake yi, kowane ɗaki da ranarsa ko makonsa. Baƙon da ya ce shi bai saba ba, ko ba zai bar matarsa ta yi ba, to ya biya wani ya yi a madadinsa, domin babu abin da ke ɓata zaman gidan haya da sauri kamar tsallake wannan layi.

Wanda ya taso a Sahel bai san danshi ba sai ya zo nan. Damina biyu ce: babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Hunturu gajere ne, tsakanin Disamba da Fabrairu. Kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji da kilishin da aka zo da su daga gida, idan aka bar su a leda ko ƙwarya kamar yadda aka saba, cikin 'yan makonni za su yi fumfuna. A zuba su a kwalba ko roba mai murfin da ke kamawa, a riƙa shanyawa duk ranar da rana ta fito sosai. Shadda da takalmin fata ma haka: kada a jingina akwati da bango, a ɗora shi kan katako, a buɗe shi ya sha iska duk mako biyu. Sauro ba ya da lokaci a nan, shekara duka yana nan, saboda haka gidan sauro ba kayan damina ba ne. Idan zazzaɓi ya zo a yi gwaji kafin a sha magani. A yi rajistar inshorar lafiya ta NHIS tun ana lafiya, domin sabon kati sai ya yi kamar wata ɗaya kafin ya fara aiki, in ban da na masu ciki da ƙananan yara. Ƙananan ciwo asibitin Manhyia ko na unguwa ake kaiwa. Babban asibitin Komfo Anokye, wanda mutanen gari ke kira Gee, na waɗanda aka tura ne da masu larurar gaggawa. Lambar neman agaji 112 ce.

Abinci a cikin Zango ba shi da matsala. Waakye da ake rububinsa a Gana duka shinkafa da wake ne da aka dafa da karan dafi, sunan ma daga Hausa ya fito. Tuwo na nan da sunan tuwon zafi, da miyar ayoyo, wato lalo. Zoɓo shi ne sobolo, tsire shi ne cicinga. Sai an fita Zango ne ake buƙatar lura. A gidajen abincin gari, miyar sakwarar rogo da agada kan haɗa nama iri-iri a tukunya ɗaya, har da ƙafar alade mai gishiri da kyafaffen naman daji wanda ba a san yadda ya mutu ba. Cewa a sa maka kifi kawai ba ya warware komai tunda romon ɗaya ne. A tambaya kafin a zauna, ba a jin haushin tambayar. Ɗanyen nama kuwa yawancin mahautan gari Musulmi ne, kajin kwali na gidan sanyi ne ake duba tambarin halal a jikin kwalinsu. Awon hatsi ba da mudu ko tiya ake yi ba, da gwangwanin da ake kira olonka ne, ƙaramin awo kuma gwangwanin bota. Gero da dawa daga arewa ake kawo su, sun fi masara tsada, don haka mai son tuwon dawa kullum ya shirya aljihunsa ko ya saba da masara.

Maganar sana'a ba za mu ɓoye ta ba ko da ba ta da daɗin ji. Dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa ƙaramin ciniki a kasuwa da talla da rumfar aski da gyaran gashi, ta kuma ce baƙon da zai buɗe kamfanin saye da sayarwa sai ya zo da jarin dala miliyan ɗaya ya ɗauki 'yan Gana 20 aiki. Ba kullum ake tsananta ta ba, amma duk lokacin da ƙungiyar 'yan kasuwa ta GUTA ta motsa, shagunan baƙi ake sa wa kwaɗo, kuma an yi hakan a Suame. Mai niyyar kama shago a Kejetia ko Adum ya san da wannan kafin ya biya kuɗin shago.

Yanzu ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami, wato yadda mako ke tafiya da yadda mutum zai huta. Agogon Gana na bayan na Najeriya da Nijar da awa ɗaya. Rana na fitowa wajen ƙarfe shida ta faɗi wajen shida kusan shekara duka, gari kuma da wuri yake tashi. Juma'a ranar aiki ce, ofis da makaranta a buɗe, ma'aikaci sai ya nemi izinin fita masallaci tun ranar da aka ɗauke shi. Ranakun sallar azumi da ta layya hutu ne a ƙasa duka. Asabar ta jana'iza ce ga Asante. Za ka ga jama'a cikin baƙi da ja, an kafa rumfuna, wani lokaci an toshe titi. Idan maƙwabcinka ko abokin cinikinka ya yi rashi, ka je, ka sa tufafi mai duhu, ka gaisa da mutane da hannun dama kana farawa daga wanda ke damarka kana tafiya hagu, ka ba da gudummawa a teburin da ake rubutawa, ka zauna kaɗan ka tafi. Ba wanda zai tilasta maka shan abin da ba ka sha. Wanda bai taɓa zuwa jana'izar kowa ba, Asante ba sa ɗaukarsa maƙwabci komai daɗewarsa.

Lahadi ta Zango ce: ɗaurin aure, suna, addu'ar arba'in, taron ƙungiyoyi, makarantar allo da Islamiyya ga yara. A nan ne baƙo ke samun mutane, a nan ne kuma aljihu ke yoyo. Mace sabuwar zuwa za a gayyace ta ƙungiya uku ko huɗu, kowacce da ankonta da kuɗin makonta. Ɗaya ta isa a shekarar farko, kuma a zaɓi wadda ke taimakawa lokacin ciwo da haihuwa da rashi, ba ta biki kaɗai ba. Adashi a nan susu ake ce masa. Mai zagayawa karɓa kullum yana ɗaukar zubin kwana ɗaya a wata a matsayin ladansa. Kada a fara da wanda unguwa ba ta san gidansa ba.

Majalisar samari kuwa bes ake kiranta, kowace da sunanta da bencinta da butar atayarta. Bes na iya samar wa yaro aiki da ɗaki da abokan kirki, wani bes ɗin kuma cacar ƙwallo ta waya da ƙwaya ne abin da zai koya masa. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a duba ko mutanen wurin suna watsewa da safe su tafi nema, da kuma ko ana tashi idan an kira salla. Cacar ƙwallon nan muna kuka da ita ƙwarai, domin ba ta bukatar fita daga ɗaki, kuma kuɗin da ya kamata a aika wa iyaye a gida ita ke lashe su. Wasannin da ba sa cin kuɗi suna nan: ludo, dame wanda ake yi a allo mai gida 100, da oware mai rami 12 da ƙwaya 48, huɗu a kowane rami. Wanda ya iya dara ba zai sha wuyar koyonsa ba, kuma dattawan Asante na sakin fuska da baƙon da ya zauna ya buga da su.

Muna kira ga baƙi su fita su ga garin da suke ciki. Akwai mutanen da suka shekara biyar a Aboabo ba su taɓa shiga fadar sarkin Asante ta Manhyia ba alhali da ƙafa ana zuwa. Duk bayan kwana 42, ranar Lahadi, ana bikin Akwasidae, inda Asantehene, wato sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu na Biyu, wanda ke kan gado tun 1999, yake zama a karɓi gaisuwa, kuma ba a hana baƙo kallo. Gidan tarihin fadar shi ne gidan da Turawan Ingila suka gina a 1925 domin Sarki Prempeh na Ɗaya bayan dawowarsa daga gudun hijirar da suka kai shi tsibirin Seshel. A 2024 an baje wasu kayan zinariya da aka kwashe tun yaƙin 1874 aka dawo da su aro daga Ingila. Sanin wannan tarihi na sa mutum ya fahimci abin da ya sa umarnin fada ke da nauyi haka. Idan babban rashi ya faru a gidan sarauta, fada kan hana kiɗa da jana'iza na wani lokaci. A Janairun 2017, daren da aka binne uwar sarki Nana Afia Kobi, an ce kowa ya rufe shago ya zauna a gida, kuma har Zango aka bi. Irin wannan sanarwa a rediyo ake jin ta, Zuria FM na bayar da ita da Hausa.

Masu son ƙwallo ga filin wasa na Baba Yara, wanda aka sa wa sunan Usman Seidu, ɗan wasan da ya yi tashe a Asante Kotoko da Black Stars. Kotoko ta kafu a 1935, ta ci kofin Afirka a 1970 da 1983, jar riga take sawa. Ranar da za ta kara da Hearts of Oak ta Ankara, babban birnin Gana, ba ranar zuwa da yara ba ce. A je da wuri, a zauna kusa da ƙofa, kada a sa rigar baƙuwar ƙungiya a tsakiyar magoya bayan gida. Mutanen Gana ba su manta ranar 9 ga Mayun 2001 ba, lokacin da turmutsutsu a wasan ƙungiyoyin biyu a Ankara ya kashe mutum fiye da 120. Mai iyali kuwa ya kai su gidan namun daji da cibiyar al'adu da ke kusa da Kejetia, ko Bonwire su ga yadda ake saƙar kente. Tafkin Bosomtwe na da nisan kilomita kamar 30 kudu maso gabas, ana bi ta Kuntanase a gangara Abono. A je ranar da ba hutun ƙasa ba, domin ranar hutu cunkoso da kiɗa da giya ne ke cika bakin ruwan. Tafkin na da zurfi ƙwarai, wanda iyakar iyonsa kududdufin damina ne kada ya wuce inda ruwa ya kai masa gwiwa.

Ga maza masu kawo amarya daga gida, a ji tsoron Allah a kanta. Yarinyar da ta taso cikin dangi, aka kawo ta ɗaki ɗaya a gidan haya inda madafi da famfo na kowa da kowa ne, miji ya fita tun asuba sai dare, kaɗaici na iya sa ta ciwo. A haɗa ta da wata dattijuwa a gidan ko a layin, a sa ta makarantar mata, a bar ta ta koyi hanyar kasuwa da ta asibiti da kanta. Yaran da suka fara karatu da Faransanci a Nijar za su koma Turanci, wataƙila a mayar da su baya aji ɗaya. Makarantun gwamnati na sashen ilimin Musulunci suna haɗa boko da Arabiyya, a fara tambaya can.

Hausar Zango ta bambanta da ta Kano. Za ka ji an ce wa mace "ya zo", ka ji "cau" maimakon "kyau", ka ji Turanci da Tuwi a tsakiyar zance. Kada a yi dariya, kada a gyara wa dattijo magana. Harshen iyayensu ne, sun riƙe shi shekara fiye da ɗari a tsakiyar wani harshe, kuma Mosi da Dagomba da Wangara da Kotokoli da Zabarmawa duk da shi suke fahimtar juna. Kowace ƙabila a Zango na da sarkinta, sabon zuwa ya sa mai masaukinsa ya kai shi ya gaida nasu, domin ranar da aka shiga rigima ko aka yi rashi can za a fara tambayar ko an san shi. A koyi Tuwi ko kaɗan ne tun makon farko: "maace" gaisuwar safe, "medaase" na gode, "mepa wo ceu" don Allah, "eye sen" nawa ne, "te so" rage mini. A cikin turoturo, wato ƙaramar motar haya, "mepa wo ceu" ake fara ce wa yaron mota kafin a faɗi inda za a sauka, kuɗin kuma da hannun dama ake miƙa masa.

Wassalam.

Daga wasu mazauna Aboabo da Asawase, Kumasi.